Yadda Nake Wanke Fulogin Ƙaramin Jirgin Sama

Injin Lycoming mai silinda huɗu, irin wanda ke cikin Cessna 172 da Piper Cherokee, fulogi takwas gare shi. Kowace silinda tana da biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma magnito biyu ne, wato na'urorin da ke samar da tartsatsi daga juyin injin, ke ba su wuta, ta yadda idan ɗaya ya mutu a sama ɗayan zai riƙe injin. Abin da ya fi damun waɗannan fulogai shi ne dalma. Man da ƙananan jirage ke sha, wannan shuɗin da ake kira 100LL, akwai dalma a cikinsa, har kusan giram 0.56 a kowace lita. An haɗa man da wani sinadari da ke fitar da dalmar ta salansa, amma sai injin ya yi zafi sosai yake aiki. In aka bar jirgi yana ta gurnani a ƙasa da ƙaramin gudu, dalmar sai ta taru a cikin fulogi, ta daskare ƙwalla-ƙwalla, musamman a na ƙasa.

Kafin ka ɗauki sifana, ka san matsayinka a doka. A Amurka hukumar kula da sufurin jiragen sama, FAA, ta yarda matuƙin da ya mallaki jirgi ya cire fulogi, ya wanke, ya daidaita tazarar da ke tsakanin haƙoran bakinsa da ƙarfen tsakiya, inda tartsatsi ke tashi, da kansa, muddin ba jirgin haya ba ne, kuma ya rubuta aikin a littafin injin. Ba kowace ƙasa ce ta yarda da haka ba. In jirginka rajistar Najeriya gare shi, ƙa'idar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ce ke kanka, don haka ka yi aikin tare da injiniya mai lasisi, shi ne zai gaya maka inda hannunka ya tsaya.

Injin ya huce tukuna. Kan silinda alminiyam ne, fulogi ƙarfe, kuma murɗa shi da zafi hanya ce ta lalata zaren ramin. Kashe magnito, zare makulli ka sa a aljihu. Duk da haka kada ka yarda da farfela. Magnito ba ya buƙatar batir, in wayar da ke kashe shi ta tsinke, juya farfela da hannu kaɗan zai iya tayar da injin, alhali makulli na aljihunka.

Ka tanadi katako mai ramuka takwas, ka rubuta a jikin kowane rami: 1 sama, 1 ƙasa, 2 sama, haka har huɗu. Ni ban taɓa fara aikin nan babu wannan katakon ba, don da zarar fulogai sun cakuɗe ka yi asarar rabin amfanin cire su. Wajen kwance waya, sifana biyu ake sawa: ƙarama ta riƙe wuyan wayar kada ta juya, babba ta kwance notin. Jawo wayar miƙe, kada ka karkata ta, domin akwai tangaran a cikin bututun fulogin kuma ba ya son a tanƙwara masa. Kan wayar da ya fito, mai ɗan sifirin a bakinsa, kada ka taɓa shi da yatsa. Maiƙon hannu kaɗai ya isa ya buɗe wa wuta hanyar da ba tata ba. Sai ka sa soket mai zurfi na inci 7/8, mai kusurwa shida, ka tallafe kansa da ɗaya hannun yayin da kake murɗawa. Duba ko wasar jan ƙarfe, wato zoben da ke tsakanin fulogi da silinda, ta fito tare da fulogin, don takan maƙale a jikin silinda, mutum bai lura ba ya ƙara wata a kanta. In lokacin hunturu ne kuma a fili kake aiki, toshe ramukan da tsumma mai tsabta, ƙura ba ta jira.

Fulogin da ya faɗi ƙasa ya tashi aiki. Ko da ka ɗauka ka ga ba abin da ya same shi, tangaran na iya tsagewa ta ciki inda ido ba ya kaiwa, kuma sai an yi sama, zafi ya kama shi, zai nuna halinsa. Na san kuɗinsa da ciwo. A jefar da shi.

To, yanzu kada ka yi gaggawar wankewa. Ɗauki kowanne ka kalle shi a haske, don shi kaɗai ne ya shiga cikin silinda ya fito ya ba ka labari. Wanda bakinsa ya yi ruwan toka ko ruwan ƙasa-ƙasa, a bushe, lafiya lau yake. Wanda ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya mai laushi, mai ya yi wa iska yawa, ko dai an daɗe ana barin injin a ƙaramin gudu ba a rage mai ba. Wanda ka leƙa can ƙasan raminsa ka hango ƙwallaye masu ƙyalli-ƙyalli sun manne tsakanin tangaran da bango, dalma ce, kuma ita ce ke sa injin rawa lokacin gwajin magnito. Idan ka ga baƙin mai ya jiƙa shi, tsaya ka duba ɗan'uwansa na silindar. Ɗan danshi a na ƙasa kaɗai, a injin da ya tsufa, ba abin tada hankali ba ne sosai. Amma in na sama ma ya jiƙe, zoben fistan ko hanyar bawul ta fara cinyewa, kuma wanke fulogi ba zai magance wannan ba, sai an auna matsin silindar. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne fulogin da tangaran bakinsa ya tsage ko ya ɓalle. Wannan yakan nuna man yana fashewa a silinda maimakon ya ƙone a hankali, kuma jirgin ba ya tashi sai an zura kyamara an duba kan fistan da bawul.

Duk abin da na gani ina rubuta shi a takarda da lambar silinda. Bayan awa 50 ko 100 in na sake buɗewa, sai in kwatanta. Silindar da kullum ita ce ke tara dalma ko mai fiye da sauran, wata rana za ta kawo magana.

Wankewar kanta ba ta da wuya, haƙuri take so. Fara da cire maiƙo: tsoma bakin fulogin kaɗai cikin sinadarin wanke maiƙo, kada ya shiga bututun da waya ke shiga, sannan ka busar da iska. Dalma kuma sai an sassaƙe ta. Akwai ɗan inji mai karkarwa da aka yi don haka, in babu, siririn tsinken ƙarfe irin na likitan haƙori ya wadatar. Zura shi a hankali, ka bi jikin bangon ƙarfe, kana ɓanɓaro ƙwallayen kana juya fulogin kai ƙasa su zubo. Kada ka dogara tsinken a jikin tangaran. Sa safar hannu, kuma ka wanke hannu kafin ka ci wani abu, dalma guba ce. Bayan nan in kana da na'urar fesa garin gogewa, daƙiƙa kaɗan sun isa, kana juya fulogin. Masu son su ga ya yi fari tas kamar sabo su ne ke cinye masa rai tun kafin lokacinsa. Yashi ba ya shiga wannan aikin sam. Burushin waya kuma na zare ne kaɗai, kada ya kusanci bakin wuta. Bututun waya ka goge cikinsa da auduga da ɗan sifirit, ka leƙa da tocila: in ka ga siririn baƙin layi a jikin tangaran, wuta ta saba bi ta nan, fulogin ya gama.

Duk wannan bayanin na fulogi mai kaurin haƙora ne, irin su Champion REM40E, wanda yawancin ƙananan jirage ke amfani da shi. Akwai mai siririyar waya ta iridiyam, ya fi tsada nesa ba kusa ba, ya kuma fi daɗewa da jure dalma, amma wayar tasa karyewa take ba ta lanƙwasa. Shi wannan ka rage taɓa shi.

Sai tazara. Da ma'auni mai zagayayyar waya ake auna ta, faffaɗan ma'aunin bawul ba ya ba da gaskiya a nan saboda haƙoran a lanƙwashe suke. Yawanci ana son ta tsakanin inci 0.016 da 0.021, amma littafin injinka shi ne alƙali. Ni nakan matse ta zuwa ƙaramar lambar, tunda da aiki buɗewa take yi. Matsa haƙori kaɗan, auna, ka sake matsawa. Cire ma'aunin kafin kowace matsa, in ba haka ba ƙarfin zai bi ta ƙarfen tsakiya ya fasa tangaran. Kalli ƙarfen tsakiyar ma: sabo zagayayye ne, da tsufa sai gefe biyu su cinye ya koma mai tsawo. In rabinsa ya tafi, sayi sabo. Sannan ka sa mita ka auna juriyar wuta daga cikin bututu zuwa ƙarfen tsakiya. Kamfanin Tempest mai ƙera fulogi ya ce wanda ya haura om 5,000 a cire shi, kuma irin waɗannan ne ke sa jirgi wahalar tashi da safe alhali a ido ba su da laifi.

Kada ka mayar da kowanne inda ya fito. Magnito yana juya alƙiblar wuta daga tartsatsi zuwa tartsatsi, don haka wani fulogin ƙarfen tsakiyarsa ne ke cinyewa, wani kuma haƙoran gefe. A injin mai silinda huɗu ana musanya 1 da 4, 2 da 3, kuma na sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya hau sama. Da haka cinyewar take daidaita, dalmar ma ba ta zauna wa guda huɗu kaɗai ba.

Kowane fulogi da sabuwar wasar jan ƙarfe. Tsohuwa ta riga ta taurare, ba za ta rufe da kyau ba. In dole ta kama, ana iya gasa ta har ta yi ja a tsoma a ruwa ta yi laushi, amma wasa ba ta da tsadar da za a yi wannan wahalar. Shafa maganin hana kamewa kaɗan a zare, ka bar zare biyun farko na baki ba komai, don maganin yana ɗaukar wuta, in ya gangara kan haƙora fulogin zai mutu. Ɗaura da yatsu har ya kusa zama. In ya cije tun farko, kwance ka duba, kada ka sa ƙarfi. Daga nan sai sifana mai awo. Lycoming na son inci-fam 420, kamfanin injin Continental kuma 300 zuwa 360. Awon hannu na "na saba" ba shi da wuri a nan. Notin waya shi kuma ɗan ɗauri ne, riƙe wuyan wayar da ƙaramar sifana kamar lokacin kwancewa.

Ƙirga kayan aikinka, rufe murfi, fitar da jirgi ka gwada. A Cessna 172N littafin ya ce a kai gudun inji juyi 1,700 a minti, in an bar kowane magnito shi kaɗai kada gudun ya sauka fiye da 125, bambancin su biyun kada ya wuce 50. In ka juya makulli zuwa magnito guda injin ya hau rawa, yawanci waya ce ba ta zauna ba ko wani fulogi ya ƙi wuta, kashe ka koma.

Abin da zai rage maka yawan wannan aikin yana hannun matuƙi. Da zarar injin ya tashi ya daidaita, rage rabon mai a kan iska sosai yayin tafiya a ƙasa, ka riƙe gudu tsakanin 1,000 da 1,200 maimakon barin sa can ƙasa, sannan ka mayar da mai yadda littafi ya ce kafin tashi. Wajen kashewa, shawarar Lycoming ita ce a ɗaga gudu zuwa 1,800 na daƙiƙa 15 zuwa 20, a sauke zuwa 1,200, a yanke mai nan take. Injin O-235 na Cessna 152 ya yi ƙaurin suna wajen tara dalma, shi ya sa masu shi da yawa suka koma fulogin REM37BY mai dogon baki, wanda ke ci gaba da ba da wuta ko da dalma ta taru a gindinsa. Kafin ka sauya lamba, duba jerin fulogin da kamfanin injin ya amince da su.

In gwaji ya yi kyau, buɗe littafin injin a rubuta ranar, awannin injin, abin da aka yi, tazarar da aka sa da ƙarfin ɗauri, sannan wanda doka ta ba dama ya sa hannu da lambar lasisinsa.