Yadda ake gasa burodi a gida da injin burodi

Injin burodi yana kwaɓawa, ya jira kwaɓin ya tashi, ya gasa, duk a cikin awa 3 zuwa 4. Amma a Zariya abu biyu ba zai yi miki ba, uwargida: ba zai san ko za a ɗauke wuta ba, kuma bai san bambancin hunturu da damina ba. Waɗannan naki ne.

Kafin komai, idan na gwanjo kika saya, juya gindinsa ki karanta. Wutarmu bolt 230 ce. Wanda aka yi wa kasuwar Amurka 120 yake sha, kina jona shi kai tsaye zai ƙone.

Don burodi ɗaya da zai ishi karin kumallon gida, ki tanadi fulawa giram 500, ruwa mililita 300, sukari babban cokali 3, madarar gari babban cokali 2, bota babban cokali 2, gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi, sai yis ƙaramin cokali 2. Duk ana samunsu a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada. Ki auna fulawar a sikeli, don gwangwani yana yaudara.

Ki ciro kwanon injin, ki kafa 'yar muciyar da ke gindinsa. Ruwa da bota ne farko, sannan fulawa ta rufe ruwan gaba ɗaya. Gishiri a kusurwa guda, sukari da madara a wata. Ki yi ɗan rami a tsakiyar fulawar ki zuba yis, kada ya taɓa gishiri tun kafin a fara, don gishiri yana rage masa ƙarfi. Mayar da kwanon, ki zaɓi tsarin burodi na yau da kullum, ki kunna.

Kada ki tafi tukuna. Bayan minti 10 ki buɗe ki leƙa. Kwaɓin ya zama dunƙule ɗaya mai laushi kamar fatar kunne, ba ya liƙe wa jikin kwano. Da hunturu fulawa kan bushe, sai ki ga yana wargajewa, inji na nishi; ƙara ruwa cokali ɗaya, ki jira, ki sake dubawa. Da damina kuwa caɓewa yake, fulawa za ki ƙara. A zafin Maris da Afrilu ki sa ruwa mai sanyi, ki ɗan rage yis, in ba haka ba, kwaɓin zai kumbura fiye da kima ya faɗa ta tsakiya.

Batun wuta: wasu injinan suna riƙe inda suka tsaya na 'yan mintuna kaɗan ne. Idan babu janareta kuma ba a dawo da ita ba, kada ki zubar. Ki kwashe kwaɓin a gwangwanin gashi, ki rufe ya tashi, ki gasa a tukunya mai yashi bisa gawayi.

Idan injin ya yi ƙara alamar ya gama, ki ciro kwanon da tsumma, ki kife shi. Duba gindin burodin, muciyar kan maƙale a ciki. Ki bar shi ya huce kamar minti 30 kafin yanka, ko da yara sun tsaya miki a ka. Tunda babu sinadarin hana lalacewa, kwana 2 zuwa 3 yake yi. Abin da ya rage ki yanka ki sa a firiza.