Kafin ka yi wa tambarinka rajista

Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta sunan kasuwanci ce, ba ta kare maka tambari. Wannan aikin ofishin rajistar tambura ne, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja.

1. Gano rukunin hajarka cikin rukunai 45. Turare da sabulu na 3 ne, yaji na 30.

2. Zaga kasuwa, ka leƙa Facebook, ka ga ko wani yana amfani da suna irin naka. Kada ka tsaya kan rubutu kawai, furta sunan da bakinka. "Zuma" da "Zooma" ɗaya ne a kunnen mai saye, kuma kamannin nan kaɗai na iya sa a ƙi buƙatarka.

3. Sa lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi ya yi binciken hukuma a rajistar tambura, ya kawo sakamakon a rubuce.

4. Don Allah, sai an tabbatar babu wanda ya riga ka, sannan ka buga leda da kwali.