Yadda zaka caja mota ko babur na lantarki a Sakkwato ba tare da ka ƙona wayarin gida ba

Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane suka fara tambayar babur da keke masu caji, wasu ma har mota. Kuma abin ba baƙo bane garin nan, tun 2021 hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar caji mai amfani da sola a jami'ar Danfodiyo, lokacin ɗan garinmu Jelani Aliyu na shugabancinta. To amma ba kowa zai riƙa tafiya har can ba, a gida zaka caja, kuma a nan ake samun matsala.

Ka fara sanin nawa abin naka ke ci. Batirin babur yawanci yunit 2 zuwa 4 ne, irin yunit ɗin mitar wuta, wannan soket mai kyau ya ishe shi. Mota kuwa wata magana ce, Hyundai Kona da aka haɗa a Legas batirinta yunit 64 ne. Soket ɗin bango mai amfiya 13 iyakarsa wajen kilowat 3, kaga kenan sama da awa 20 kafin ta cika daga ƙasa, wa zai baka wuta awa 20 a jere? Sai in kana Band A, rukunin da aka yi wa alƙawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, su ma kuɗin yunit ya haura naira 200 a Afrilun 2024. Caja ta bango mai kilowat 7 tana gamawa cikin awa 9 zuwa 10 amma tana jan amfiya 32, kamar ka kunna esi shida ne lokaci guda.

Shi yasa kada ka kuskura ka sa ta a eksitenshin ɗin nan na kasuwa, wallahi narkewa zai yi. Ka kira mai wayarin da ya san aikinsa ya jawo mata layinta ita kaɗai daga allon rarraba wuta, waya mai kauri sikwaya milimita 6 ta jan ƙarfe zalla, da birekarta daban, da na'urar da ke yanke wuta in ta fara zurarewa jikin mota ko jikin mutum. Sannan wayar "earth", wadda ake haɗawa da ƙarfe a binne a ƙasa, ita mutane ke rainawa. Ƙasarmu busasshiya ce, ƙarfen in ba a nutsa shi sosai ba bai aikin komai da rani, wasu cajojin ma ƙin tashi suke sai dai kaga jar fitila na ƙyaftawa. A haƙa da zurfi, inda ke samun danshi, a gwada da mita kafin ka biya shi. In caja babba ce ka leƙa ofishin Kaduna Electric ka faɗa musu, su duba ko mitarka da taransifomar layinku zasu ɗauka.

Yanzu ga inda nafi so ka natsu, lokacin caji. Wutarmu daga Kainji take biyowa ta Birnin Kebbi kafin ta iso, tafiya ce mai nisa, ga taransifoma ɗaya an jibga mata gidaje. Daga magariba zuwa wajen sha ɗaya kowa ya dawo, fanka, firij, esi, famfon rijiya, lokacin ne zakaga ƙwai ya yi ja fanka na juyawa da ƙyar. In ka ƙara mota a kai kai da maƙwabtanka duka zaku kwana a duhu in fis ya tashi, gobe kuma a fara zagayen karo-karo. Ka bari sai dare ya raba, motoci da yawa suna da wurin saita lokaci, ka sa ƙarfe ɗaya zuwa asuba ka kwanta abinka. Ga kuma sanyi, don batirin litiyom bai son zafi sam, watan Afrilu nan ana wuce digiri 40, ka dawo daga yawo batir na tafasa ka soka caja nan take, kana rage masa kwana ne. Bari ya huce a inuwa tukun.

Mai sola lissafinsa juye yake, shi da rana zai caja, sha ɗaya zuwa uku, ƙarƙashin rumfa, wutar ta wuce kai tsaye daga faifai ba sai ta bi ta batirin gida ta ƙarar dashi ba. Amma ka duba ƙarfin inbata, mai KVA 3.5 ba zata ɗauki caja mai kilowat 7 ba, ka rage amfiya zuwa 8 ko 10 in cajar na bada dama. Kuma da hunturu ka riƙa share ƙura a faifan.

In an ɗauke wuta aka dawo da ita takan zo da ƙarfi, don haka ka sa na'urar kariya mai jinkirta mintuna kaɗan kafin ta saki wuta. Caji na yau da kullum ka tsaya a kashi 80, sai ranar da zaka kama hanyar Gusau ko Illela ka cika shi taf.