Hanci ne alƙali: yadda ake gwada wuskin Sikotlan

Ni ɗan Wusasa ne, kuma kafin karatu ya kai ni birnin Glasgow na ƙasar Sikotlan ban taɓa ganin mutum ya zauna da kofin barasa yana shinshinarsa kamar mai cinikin turare ba. Na san mafi yawan masu karanta Hausa ba sa sha, addini ya hana su, ba kuma jan kowa nake yi ba. Sana'a ce na koya a wani otal inda na yi aikin dare shekara uku don in biya kuɗin haya, a hannun wata dattijuwa 'yar ƙasar da nake ce wa Anti. Abin da ta koya mini shi zan faɗa.

Ka fara karanta kwalbar kafin ka taɓa murfinta. Idan an rubuta "single malt" a kan wuskin Sikotlan, dokarsu ta 2009 ta ɗaure mai shi da sharuɗɗa. Daga tsiron sha'ir da ruwa za a yi shi, a masana'anta guda, a tukwanen dafawa irin na gargajiya waɗanda ake ƙerawa da jan ƙarfe. Sai ya kwana aƙalla shekara 3 a gangar wani itace da ake kira oak a cikin ƙasar, kuma ƙarfinsa a kwalba, wato yawan barasar da ke cikinsa, kada ya gaza kashi 40 cikin ɗari. Tsiron nan ba baƙonmu ba ne: yadda masu burukutu suke jiƙa dawa ta tsiro sannan su shanya, haka ake yi wa sha'ir. Idan ka ga 12 a jikin kwalba, shekarun mafi ƙuruciyar wuskin da ke ciki ke nan. Sai ka duba ƙarfin. Ƙananan masana'antu sun fi son kashi 46, domin a nan ba sai sun sanyaya shi sun tace ba, kuma tacewar nan tana ɗebe wani maiƙo da baki ke so.

Misalin ƙaramar masana'anta da na fi sani ita ce Kilchoman, a tsibirin Islay, wanda mutanen wurin ke furtawa Aila. An buɗe ta a 2005 a cikin gona, ita ce sabuwa ta farko a tsibirin bayan shekara 124. Suna noma wani ɓangare na sha'ir ɗinsu, su baza shi a daɓe ya tsiro, su dafa, su zuba a kwalba, duk a wuri ɗaya. Jirgin ruwa daga tashar Kennacraig da ke gaɓar yammacin Sikotlan kusan awa biyu yake yi kafin ya kai ka tsibirin.

Kofin da ake so mai tumbi ne da tsukakken baki, irin wanda ake kira Glencairn, don ƙanshi ya taru a sama. Faffaɗan kofin nan na fina-finai mai cike da ƙanƙara bar shi, sanyi yana rufe wa ƙanshi baki. Zuba mililita 25, ka ajiye shi minti biyar ko goma. Kada ka ci yaji kafin nan, kada kuma ka fesa turare. Wannan ya ba ni wahala, don mu ba ma fita sai mun yi wanka da shi. Rana ta farko Anti ta ja hanci sau ɗaya, ta tura ni in wanke hannu da wuya.

Launi kuwa kallo ɗaya ya ishe shi. Doka ta yarda a ƙara ɗan launin ƙonannen sukari, saboda haka duhu ba shaidar tsufa ba ne. Ni kaina na taɓa sayen wata kwalba don na ga ta yi ja wur kamar zoɓo, na isa gida na tarar ba komai a cikinta sai zafi. Idan kwalba ta ce launin na asali ne, to yana ba ka labarin ganga: ruwan ɗorawa mai haske yawanci gangar baban ce, wato bourbon, wani wuskin Amurka, mai ja-ja kuma gangar sheri ce, wata giyar inabi daga Sifaniya. Dalilin yawan gangunan Amurka a Sikotlan shi ne dokar can ta ce baban sai a sabuwar ganga, tsofaffin sai a sayar wa wasu.

Yanzu aikin ya fara. Kada ka cusa hancinka cikin kofin yadda na yi, har hawaye ya zubo mini a gaban baƙi. Riƙe shi daidai haɓa, bakinka a ɗan buɗe, ka riƙa matso da shi a hankali kana shaƙa gajere-gajere. Shaƙar farko barasa kawai za ka ji. Janye, ka numfasa, ka koma. A ta uku abubuwa ke fara rabuwa.

Nan ne na daɗe ina jin kunya. Turawan suna cewa suna jin ƙanshin wani furen dajinsu, ko kek ɗin Kirsimetin kakarsu, ni kuwa ban san ko ɗaya ba, sai in gyaɗa kai kawai. Wata rana Anti ta miƙo mini Machir Bay na Kilchoman, ta ce in faɗi abin da na ji, ban da abin da na karanta a jikin kwali. Na yi shiru, can na ce, "Rumfar mai kilishi ce da yamma, an kashe wuta, ga wani yana yanka lemun tsami a gefe." Ta sa na yi mata bayanin kilishi, ta saurara, ta ce hayaƙi da lemun tsami daidai ne, in ci gaba da haka. Tun daga ranar hancina na gida nake aiki da shi. Gangar sheri dabino take tuna mini, da kanumfari da citta. Gangar baban kuma zuma da kwakwa da alewar madara. Hayaƙin nan na wuskin Islay daga wata baƙar ƙasa yake fitowa, ruɓaɓɓen ciyayi ne da ya shekara dubbai a fadama, ana yanko shi kamar tubali, a busar, a ƙona shi ƙarƙashin tsiron yayin shanya. Wani yana zuwa kamar hayaƙin kirare, wani kamar warin ɗakin magani a asibiti, kuma akwai masu biyan kuɗi mai yawa don wannan warin na biyu.

Kurɓar farko 'yar kaɗan ce, don harshe ya saba. Ta biyu ka riƙe ta daƙiƙa goma, ka juya ta ko'ina. Lura da nauyinsa, ruwa-ruwa ne ko yana da maiƙo, sannan ko abin da hanci ya yi alkawari baki ya same shi. Bayan ka haɗiye ko ka tofar, rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci, ka ga tsawon lokacin da ɗanɗanon zai zauna. Masu gwaji na gaske tofarwa suke yi, kuma masu haɗa wuski a kamfanoni mafi yawan aikinsu da hanci ne, suna tsarma shi da ruwa har ya sauko wajen kashi 20.

Kai ma ɗiga ruwa, ɗigo uku ko huɗu, mara sanyi, ka sake shaƙa. Wani wuskin sai ya saki ƙanshin da ya ɓoye, wani kuma ya mutu murus. Wannan ma hukunci ne.

Aibobin da nake nema uku ne. Warin ashana da aka ƙyasta ko ƙonanniyar roba, wanda yawanci daga gangar da aka turara da farar wuta yake zuwa. Zafi mai yanka maƙogwaro haɗe da warin fenti, alamar an yi gaggawar fitar da shi, kuma wannan shi ne jarrabar sababbin masana'antu, don kuɗinsu na kwance a ganga, ga shi kowace shekara kusan kashi 2 cikin ɗari na bin iska. Na uku bauri, irin na bagaruwa, idan itace ya rinjayi wuskin, abin da ke samun tsofaffin kwalabe masu tsada fiye da yadda masu su ke yarda. Na sha ganin ɗan shekara 5 ya kayar da ɗan shekara 18 idan an rufe sunayensu. Shi ya sa nake sa wani ya zuba mini biyu a ɓoye in kwatanta, kada farashi ya yi mini raɗa a kunne.

Kada ka wuce kofi uku ko huɗu a zama ɗaya, kuma mai hayaƙi ya zo ƙarshe, don in ya riga shiga ba ka ƙara jin komai. Idan kai ne direba, masana'antu da yawa suna zuba maka rabonka a 'yan kwalabe ka tafi da shi. Maki bisa ɗari da wasu ke bayarwa ban damu da shi ba, layi uku nake rubutawa a littafina: hanci, baki, da abin da ya rage. Kofin kuma ba na wanke shi nan take. Ina rufe bakinsa da ɗan faranti, in koma bayan awa ɗaya in shaƙa, lokacin barasar ta tashi ta bar ganga da sha'ir, sannan in rubuta layi na huɗu.