Yadda Ake Binciken Haɗarin Sinadarai a Masana'anta

Aikin farko na injiniya mai bincike shi ne killace wurin da haɗarin ya auku, a hana kowa taɓa komai har sai an ɗauki hotuna, an kuma ɗebi samfur daga ragowar sinadarin da ke cikin tanki da bututu. Daga nan sai ya karɓi rajistar zafi da matsin tanki, ya zauna da ma'aikatan da ke bakin aiki ɗaya bayan ɗaya tun kafin labarinsu ya gauraya.

A haɗarin da ya auku a Bhopal ta ƙasar Indiya, a daren 2 ga Disamba, 1984, ragowar da aka bincika daga baya a tanki mai lamba 610 na kamfanin Union Carbide ta nuna cewa ruwa ne ya shiga cikin sinadarin methyl isocyanate da ake haɗa maganin ƙwari da shi, zafi ya hauhawa, har kimanin tan 40 na iska mai guba ta bazu cikin gari. Mai bincike na ƙwarai ba zai tsaya nan ba, sai ya gano dalilin da ya sa na'urar sanyaya tankin take a kashe, hasumiyar ƙona iskar kuma ba ta aiki.

Sai kuma gargaɗi, wanda a ganina shi aka fi yi wa sakaci. A Bhopal an kunna jiniyar jama'a na ɗan lokaci aka kashe, mazauna unguwannin kuma ba a taɓa koya musu rufe fuska da jiƙaƙƙen ƙyalle ba. Don haka a duba ko kowane mazubi yana ɗauke da alamar haɗari, ko takardar bayanan tsaro mai sassa 16, wadda ke bayyana haɗarin sinadarin da yadda za a kare kai, tana kusa, kuma ko an rubuta ta da harshen da ma'aikata ke karantawa.