Yadda ake zana taswirar hanyar sadarwa da ta Active Directory

Zanen da aka cusa wa komai a shafi ɗaya, wayoyi da adireshin IP da sunayen saba har da firinta, ba ya taimakon kowa ranar da sadarwa ta yanke. Ka raba aikin gida uku, kowane zane da tambayar da yake amsawa: me ke haɗe da me, ta ina bayanai ke bi, kuma wace saba ce ke tantance mai shiga. Zane na uku shi ne na Active Directory, tsarin Microsoft da ke riƙe da asusun masu amfani da kwamfutocin ma'aikata. Manhajar zane irin Draw.io ko Visio duk sun wadatar.

Fara da zanen wayoyi, kuma kada ka zana shi da ka. Na'urorin da kansu za ka tambaya. A suwic ɗin Cisco (na'urar da wayoyin sadarwa ke haɗuwa a cikinta), umarnin show cdp neighbors detail zai nuna maka maƙwabtansa da kafar da kowanne ya shiga. CDP ita ce hanyar da na'urorin Cisco ke sanar da juna kansu; a na'urorin sauran kamfanoni LLDP ne ke wannan aikin. Kowane layi ka rubuta masa lambar kafa a bakinsa biyu, misali Gi1/0/24 a nan, Gi1/0/1 a can, da saurinsa, da ko tagulla ne ko fayiba. Ƙananan suwic marasa saiti, irin waɗanda ake ɓoyewa ƙarƙashin tebur, ba sa bayyana a CDP. Alamarsu ita ce ka ga adireshin MAC, wato lambar shaidar katin sadarwa na kowace na'ura, da yawa a kafa ɗaya da ya kamata a ce kwamfuta guda ce a kanta. Idan waya biyu ce tsakanin suwic biyu, ka nuna ko an ɗaure su da LACP suna aiki tare, ko STP, tsarin da ke hana bayanai zagaye a madauki, ya toshe ɗaya tana jiran ko-ta-kwana. Wanda bai san wannan ba zai iya zare mai aikin yana zaton ta banza ce.

A zane na biyu wayoyi ba su da muhalli. Kowace VLAN, wato ɓangaren sadarwa da aka ware ta hanyar saitin suwic, ta samu akwatinta, a ciki ka rubuta lambarta, rukunin adireshinta kamar 10.20.30.0/24, adireshin ƙofar fita, da sabar DHCP da ke raba mata adireshi. Rukuni mai /24 na'urori 254 yake ɗauka, don haka ka rubuta nawa aka riga aka cinye. Idan sabar DHCP tana wata VLAN dabam, ka sa alama a inda aka saita mai miƙa mata buƙata. In babu shi, kwamfutoci za su tashi da adireshi mai farawa da 169.254, ba su ga kowa ba. Katangar tsaro (firewall) kuma a zana ta daidai inda take tare hanya, da jerin kafofin da ta buɗe.

Zane na uku ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne ake yawan bari. Al'adar da aka saba ita ce a zana kowane domen, wato rukunin kwamfutoci da masu amfani da ke ƙarƙashin iko ɗaya, da alwatika, a jera sabobin DC ɗinsa, masu tantance mai shiga, a ciki. Kusa da kowace DC ka rubuta adireshinta, ko tana riƙe da DNS mai fassara suna zuwa adireshi, ko tana da Global Catalog, kundin neman abubuwan duk domen-domen, da wane ne ke hannunta daga cikin ayyukan FSMO biyar, waɗanda kowanne DC ɗaya tak ke riƙe shi. Umarnin netdom query fsmo zai ba ka amsa nan take. Mai riƙe da PDC Emulator, ɗaya daga cikin ayyukan nan biyar, ta cancanci launi na musamman, domin daga wurinta sauran ke daidaita agogo, kuma Kerberos, tsarin tantance mai shiga, yana hana shiga idan bambancin agogo ya wuce minti 5 a saitinsa na asali.

Kibiyar amana tsakanin domen biyu tana rikita mutane ƙwarai. Tana tashi ne daga wanda ya yarda zuwa wanda aka yarda da shi, masu amfani kuwa suna shiga ta kishiyar hanya. Ka rubuta wannan da kalmomi a jikin kibiyar.

Yanzu ka ɗora zane na biyu a gefen na uku, domin a nan ne yawancin matsaloli ke ɓuya. Buɗe Active Directory Sites and Services, ka bi rukunan adireshin zane na biyu ɗaya bayan ɗaya, ka tabbata kowanne an yi masa rajista kuma an jingina shi da reshen (site) da ya dace. Rukunin da aka manta da shi, kwamfutocinsa ba su san wane reshe suke ba, sai su nemi duk DC ɗin da ta amsa, ko da tana wani gari ta layi mai rauni. Sakamakon shi ne jinkirin shiga da safe wanda ba a gane dalilinsa. Umarnin nltest /dsgetsite a kan kwamfutar zai tona asirin, haka ma kalmar NO_CLIENT_SITE a fayil ɗin netlogon.log na DC. A kan kowane layin da ya haɗa reshe da reshe ka rubuta nauyinsa (cost) da tazarar kwafin bayanai tsakanin DC-DC. Nauyin asali 100 ne, tazarar asali minti 180, mafi ƙanƙantarta minti 15. Duk inda layin ya ratsa katangar tsaro, ka duba an buɗe kafofi masu lamba 53, 88, 123, 135, 389, 445 da 3268, sannan zangon kafofin RPC, wanda sabobi ke kiran juna ta cikinsa, daga 49152 zuwa 65535, wanda shi ne aka fi mantawa. Repadmin /replsummary zai nuna maka ko abin da ka zana yana tafiya a zahiri.

Bishiyar OU, wato akwatunan da ake kasa masu amfani da kwamfutoci a cikin domen, a ba ta shafinta. Kowace GPO, wato tarin dokokin saiti, ka rataya ta a OU ɗin da aka ɗaure ta, ka sa alama inda aka toshe gado ko aka tilasta doka. Jerin hawan GPO shi ne na kwamfutar kanta, na reshe (site), na domen, sannan na OU, kuma na ƙarshe ne ke rinjaye. Akwatunan Users da Computers na asali ba OU ba ne, ba a ɗaura musu GPO, don haka a zana su da wata siffa.

A kusurwar kowane shafi sa ranar gyara da ma'anar launuka. Kalmar sirri ba ta shiga zane ko kaɗan. Ka ajiye fayil ɗin da ake iya gyarawa tare da PDF, ka kuma buga kwafi a takarda ka kulle a ɗakin saba, domin idan DC ta faɗi, babban fayil ɗin da ke sabar ajiya ba zai buɗu ba sai an tantance ka.