Yadda ƙungiyar unguwa za ta tsaya a fili ta yi firesin (matsa wa abokan karawa don ƙwace ƙwallo) ba tare da ta ƙone ba

Duk yammacin da na tsaya kallon wasa a filayenmu na Zariya, ko Tudun Wada ko Gyallesu ko can Samaru, abu ɗaya nake gani: lamba tara, wato ɗan gaba, shi kaɗai yana bin 'yan baya huɗu da gudu, sauran suna tsaye suna masa ihun "matsa! matsa!", minti ashirin yaro ya gama aiki. Wallahi abin yana damuna, don yaranmu suna da ƙafa, tsarin ne babu.

To ku fara da tsayuwa. Ni shawarata in ƙwallo ba ta hannunku ku koma 4-4-2, layi biyu na mutum huɗu da mutum biyu a gaba, saboda shi ne kowa ke ganewa ko da sau biyu kawai kuke tirenin a sati. 4-3-3 da kuke gani a gidan kallo yana da daɗi amma yana buƙatar lamba shida, wato ɗan tsakiyan da ke tsare gaban 'yan baya, mai huhu da kai, in ba ku da shi tsakiyarku za ta zama titi. Abin da ya fi lambobin muhimmanci shi ne tazara. Koci Arrigo Sacchi da ya ci kofin Turai da AC Milan a 1989 da 1990 yana so tsakanin 'yan bayansa da 'yan gabansa kar ya wuce mita 25. Ku auna wannan da taku a filinku, koci ya sa duwatsu ko takalma a gefe, 'yan gaba suka matsa to 'yan baya ma su taso, suka ja baya kowa ya ja.

Sai maganar yaushe ake matsawa, nan ne ake yawan kuskure. Ba kowace ƙwallo ake bi ba. Ku bar 'yan bayan abokan karawa na tsakiya su riƙe, ɗaya daga 'yan gabanku ya tsaya jikin lamba shidansu, ɗayan ya zo a karkace ya rufe hanyar komawa, dole su bayar gefe wajen lamba biyu ko uku, wato fulbak, ɗan bayan gefe. Da ƙwallon ta tashi, tun tana hanya ba sai ta isa ba, winga ya fita da gudu, ɗan tsakiyan da ke kusa ya kama mutuminsa, fulbak ya manne wa wingansu, wingan ɗaya gefen ya shigo ciki. Layin fili ya zama ɗan wasanku na sha biyu, mutum ba shi da inda zai juya. Kuma filayenmu na ƙasa suna taimaka mana, ƙwallo tana tsalle, duk wanda ya tare ta ta guje masa ko ya karɓa ya ba ku baya ko aka mayar wa gola, ku faɗa masa gaba ɗaya. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umarni, ɗan tsakiya ya fi dacewa don yana ganin gaba da baya.

In kun rasa ƙwallo, mutum biyu ko uku mafi kusa su rufe nan take na daƙiƙa biyar zuwa shida, irin abin da koci Jürgen Klopp ya yi suna da shi a Dortmund har ya ci lig a 2011 da 2012. Ba ta samu ba? Kowa ya koma gurbinsa, kar a ci gaba da bi.

Amma fa ku tuna waɗannan ƙungiyoyin Turai suna da likitoci da abinci da hutu, ku kuwa wani daga shago ya taho wani daga lakca, ga zafin Maris da Afrilu. Ku matsa minti goma na farko, ku sauka tsakiya ku huta, ku sake tashi bayan hutun rabin lokaci. Kuma wasan da babu masu tuta kar ku tura layin baya har tsakiyar fili kuna jiran ofsaid, rafari ɗaya ba zai gani ba, gola ya ɗan fito gaba don share dogayen ƙwallaye.

A tirenin ku yi shida da shida a ƙaramin waje, duk wanda ya ƙwace cikin daƙiƙa shida ya ci, a ƙirga masa biyu. Minti huɗu, a sha ruwa, a sake, sau huɗu ya isa.